Symphony Hall: Zauren Da Aka Lissafa Sautinsa Kafin A Aza Tubalin Farko

Duk wanda ya taɓa sayen lasifikar Sonos ya haɗa ta da iPhone ya san ɗan aikin da manhajarta ke sa mutum: ya riƙe wayar, ya zagaya ɗaki yana kaɗa ta sama da ƙasa, lasifikar kuma tana ta fitar da wata ƙara mai ban mamaki. HomePod ta kamfanin Apple ba ta ma jiran a zagaya. Da makirufonta take sauraren yadda bango ke maido mata da sautinta, sai ta daidaita kanta. Dalilin wannan duka ɗaya ne: abin da kunne ke ji a cikin ɗaki ba daga lasifika kaɗai yake fitowa ba. Bango da silin da daɓe da labule da kujeru, har mutanen da ke zaune, kowa na da hannu a ciki.

A ƙarshen ƙarni na 19 babu mai iya faɗa da alƙaluma yadda ɗaki zai yi da sauti kafin a gina shi. Sai an gama gini, an kashe kuɗi, makaɗa sun hau dandamali, sannan a san ko an dace. Zauren kaɗe-kaɗe na farko da ya karya wannan al'ada shi ne Symphony Hall da ke birnin Boston a Amurka, wanda aka buɗe ranar 15 ga Oktoba, 1900. Har yau masana na lissafa shi cikin zauruka uku mafi daɗin sauti a duniya, tare da Musikverein na Vienna da Concertgebouw na Amsterdam. Wanda ya yi lissafinsa kuwa wani matashin malamin jami'a ne da bai taɓa gina komai ba, kayan aikinsa kuma sarewa ɗaya ce, da agogo, da kushin na aro.

Attajirin da ya so zama makaɗi

Labarin ya faro ne da Henry Lee Higginson, wanda aka haifa a 1834. Yana saurayi ya tafi Vienna koyon kiɗa, amma raunin da ya samu a hannu ya datse masa wannan buri. Ya dawo gida, ya shiga yaƙin basasar Amurka har ya kai muƙamin Manjo, daga baya ya kama aikin banki a kamfanin Lee, Higginson, inda ya yi arziki. A 1881 ya kafa ƙungiyar makaɗa ta Boston Symphony Orchestra da kuɗin aljihunsa, kuma shekara da shekaru shi ke cike duk giɓin da ƙungiyar ta samu.

Ƙungiyar ta fara wasanninta a wani tsohon zaure mai suna Boston Music Hall, ginin 1852. A 1893 sai ga labarin cewa aikin sabon titi da layin jirgin ƙasa na cikin gari zai iya bi ta kan zauren. Higginson bai tsaya jira ba. Ya tara masu hannu da shuni aka sayar da hannun jari, aka samu fili a mahaɗar titunan Massachusetts da Huntington, aka kuma ba Charles McKim, na shahararren kamfanin zanen gine-gine McKim, Mead & White, aikin zana sabon zaure.

Zanen farko na McKim rabin da'ira ne, irin dandalin wasan kwaikwayo na Girkawan da. Ana cikin haka tattalin arzikin Amurka ya shiga mawuyacin hali a 1893, aka jingine aikin. Da aka dawo kansa a 1898, Higginson ya riga ya sauya shawara. Makaɗan da ya tuntuɓa a Turai sun fi aminta da zaure mai kusurwa huɗu, dogo kamar akwati. Ya ce a kwaikwayi Gewandhaus na birnin Leipzig a Jamus, wanda aka buɗe a 1884 kuma kowa ke yabon sautinsa. Sai dai akwai cikas: zauren Leipzig mutum 1,560 yake ɗauka, shi kuwa Higginson yana buƙatar wurin zaman mutum sama da 2,600 don kuɗin tikiti ya riƙe ƙungiyar. Idan aka ƙara wa zane girma, sautin zai zauna yadda yake? Babu wanda ya san amsa.

Lokacin da gina zaure caca ne

Tsoron Higginson na da tushe. Charles Garnier, wanda ya zana gidan Opera na Paris, ya fito fili ya ce ya karanta duk abin da aka rubuta kan sauti bai samu abin dogaro ba, don haka ya bar wa sa'a. A Landan, Royal Albert Hall da aka buɗe a 1871 ya zo da amsa-kuwwa mai ƙarfi, har mutane na barkwanci cewa nan ne kaɗai marubucin kiɗa ɗan Ingila ke da tabbacin jin aikinsa sau biyu. Sai a 1969 aka shawo kan matsalar, da aka rataya wasu manyan faya-fayai a ƙarƙashin ƙubbarsa. A wancan zamani har siraran wayoyi ake ɗaurawa daga bango zuwa bango a coci-coci da zauruka, wai su kama amo. Ba sa yin komai, amma ana ci gaba da ɗaurawa.

Aikin da manya suka guje wa

A 1895 jami'ar Harvard, wadda ke tsallaken kogi daga Boston, ta buɗe gidan adana kayan zane na Fogg. A cikinsa akwai ɗakin lacca sabo fil, mai kyan gani, amma ba ya amfanuwa. Malami in ya furta kalma, sai ta yi ta yawo a ɗakin sama da sakan biyar, kafin ta mutu ya riga ya faɗi wasu kalmomi goma sha wani abu a kanta. Ɗalibai ba sa jin komai sai rugugi.

Shugaban jami'ar, Charles Eliot, ya nemi sashen Fiziks ya gyara. Manyan furofesoshi suka ga aikin ba mai fita ba ne, sai ya gangaro kan ƙaramin malami, Wallace Clement Sabine, ɗan shekara 27. An haife shi a jihar Ohio a 1868, ya gama digirin farko yana da shekara 18, bai yi digirin dakta ba, kuma bincikensa na baya a fannin lantarki da haske ne, ba sauti ba.

Abin da Sabine ya fara yi shi ne rarrabe matsalar. Akwai amsa-kuwwa, wato sauti ya bugi bango mai nisa ya dawo daban, a ji shi sau biyu. Akwai kuma abin da ke damun ɗakin Fogg: sauti na gudun mita 343 a sakan ɗaya, don haka a cikin ɗaki yakan bugi bango da silin da daɓe sau da dama cikin ƙiftawar ido, kowane bugu na rage masa ƙarfi kaɗan, har ya mutu. Tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya mutu, wanda za a iya kira wa'adin amo, shi ne Sabine ya ƙudura sai ya auna.

Sarewa, agogo da kushin na aro

A lokacin babu makirufon awo, babu lasifika, babu na'urar nuna zubin sauti a allo. Sabine ya ɗauko bututu ɗaya daga cikin bututun ogan, wato babban kayan kiɗan coci mai aiki da iska. Bututun kamar sarewa yake, yana kaɗawa sau 512 a sakan. Ya haɗa shi da tankin iska da wani bawul mai aiki da lantarki. In aka datse iskar, na'urar rubuta lokaci ta fara ƙirga. Shi kuma ya kasa kunne, da zarar ya daina jin amon sai ya danna maɓalli. Kunnensa ne na'urar awon.

Irin wannan aiki na buƙatar shiru ƙwarai, don haka sai tsakar dare, bayan taragon lantarki sun daina zirga-zirga a titi, yake farawa, ya tashi gab da asuba. Kusa da wurin akwai zauren Sanders, wanda ake yabon sautinsa, kuma kujerunsa na da dogayen kushin. Sabine da mataimakansa suka riƙa kwaso su cikin dare zuwa ɗakin Fogg, su yi awo, su mayar kafin gari ya waye a buƙace su.

Alƙaluman da ya samu sun nuna hanya. Ɗakin ba komai, amo na kai sakan 5.62. Da aka shigo da kushin mai tsawon mita 8.2, ya sauko 5.33. Da mita 17, ya koma 4.94. Da aka rufe dukkan kujeru 436, ya zama 2.03. Da aka kwaso kushin na Sanders baki ɗaya aka shimfiɗa a kujeru da hanyoyi da dandamali da bangon baya, ya tsaya a 1.14.

Taka-tsantsan ɗinsa ya kai matuƙa. Wata rana ya gano cewa tufafin da ke jikinsa ma na shanye sauti kaɗan, suna taɓa sakamako. Ya watsar da awo sama da 3,000, aikin watanni, ya sake daga farko, daga nan kuma kaya iri ɗaya yake sawa duk daren aiki. Ya kuma tabbatar da abubuwa biyu masu muhimmanci: wa'adin amo kusan ɗaya ne a ko'ina cikin ɗaki, kuma galibi yawan abin da ke shanye sauti ya fi tasiri a kan inda aka ajiye shi.

Kushin ɗin Sanders ba zai zama ma'aunin duniya ba, don haka ya nemi abin da kowa zai iya kwatantawa da shi. Ya zaɓi buɗaɗɗiyar taga, domin duk sautin da ya fita ta taga ba ya dawowa. Daga nan ya riƙa auna filasta, katako, gilashi, darduma, labule da mutane, yana faɗin kowanne daidai yake da taga mai faɗin kaza. Ma'aunin shanye sauti da ake kira sabin a yau sunansa ya ci.

Bayan shekara uku, a 1898, aka manna bargon gashi a wasu sassan bangon ɗakin Fogg. Bai zama abin alfahari ba, amma dai ana jin lacca.

Daren 29 ga Oktoba, 1898

A daidai wannan lokaci ne Higginson ya kai kukansa ga Eliot, shi kuma ya haɗa shi da Sabine. Sabine bai amsa nan take ba. Yana da tulin alƙaluma, amma gyara ɗakin da ke tsaye, wanda mutum zai iya shiga ya auna, daban yake da yin hasashen sautin ginin da ke kan takarda. Ba ya son ya sa hannu a aikin dubban ɗaruruwan daloli bisa zato.

Ya koma kan littattafan awonsa. A daren Asabar, 29 ga Oktoba, 1898, ya lura cewa in aka zana yawan abin da ke shanye sauti a gefe ɗaya, wa'adin amo a ɗaya gefen, ɗigogin na bin wani lanƙwasasshen layi da masana lissafi ke kira haifabola. Ma'anarsa mai sauƙi ce: in aka ninka abin shanye sauti sau biyu, wa'adin amo ya ragu da rabi. An ruwaito cewa mahaifiyarsa, wadda suke zaune tare, ita ya fara yi wa albishir. Ba da jimawa ba ya gano cewa girman ɗaki ne ke cike sauran lissafin.

A rubutun yau, ƙa'idar ita ce T = 0.161 × V ÷ A. T shi ne wa'adin amo a sakan. V girman cikin ɗaki ne, wato tsawo sau faɗi sau tsayi a mita. A kuma jimillar abin da ke shanye sauti, a ma'aunin murabba'in mita na buɗaɗɗiyar taga. Ɗauki zaure mai tsawon mita 20, faɗin 15, tsayin 6. Girmansa 1,800 ke nan. In duk abin da ke cikinsa daidai yake da taga mai murabba'in mita 60, amo zai kai sakan 4.8, ba a fahimtar magana. In aka ƙara darduma da labule da mutane har A ta kai 240, sai ya sauko sakan 1.2.

Da wannan a hannu, Sabine ya karɓi aikin.

Daga takarda zuwa tubali

Abu na farko da lissafin ya yi shi ne kashe shawarar kumbura zanen Leipzig. In aka ƙara tsawo da faɗi da tsayi daidai wa daida don a samu kujerun da ake so, girman cikin zauren zai ninku sama da sau biyu, amma bango da wurin zama ba za su ƙaru da wannan saurin ba. Wa'adin amo zai haura zuwa kusan sakan 3, kiɗa ya cakuɗe.

Sabine bai taɓa shiga zauren Leipzig ba a lokacin. Daga zane-zanensa da aka wallafa ya lissafa masa sakan 2.30. Tsohon Music Hall ya ba shi 2.44. Sai suka zauna da McKim suna daidaita tsayin silin, tsawon zaure da tsarin zama, har sabon zanen ya ba da 2.31. Ya kuma bi ƙungiyar makaɗan zuwa wasu birane, ciki har da New York da Philadelphia, don ya ji yadda sautinsu ke fita a wasu zauruka.

Abin da aka gina dogon akwati ne mai tsawon kusan mita 38 daga bangon baya zuwa bakin dandamali, faɗin kusan mita 23, tsayin kusan mita 18 da rabi. In ban da daɓen katako, kusan komai na jan bulo ne da ƙarfe da filasta, masu tauri, waɗanda ba sa shanye kaurin sauti. Dandamalin an shigar da shi cikin wani lungu wanda bangayensa da rufinsa suka karkata, suna tura sauti zuwa ga masu sauraro. Barandun bene hawa biyu ne, na gefe kuma an yi su sirara don kada sauti ya maƙale a ƙarƙashinsu. Silin ɗin ramuka-ramuka ne masu kusurwa huɗu, a saman bango kuma akwai alkukai ɗauke da mutum-mutumi 16, kwafin na Girkawa da Rumawa.

An fara haƙa harsashi a watan Yunin 1899, aka gama cikin wata 16, a kan dala 771,000. Zauren na ɗaukar mutum 2,625. A lokacin wasannin Pops kuwa, akan cire kujerun ƙasa a sauke su ma'ajiya ta wani lif da ke tsakiyar daɓe, a jera tebura. A kewayen dandamali an tanadi alluna don rubuta sunayen manyan marubuta kiɗa, amma suna ɗaya kawai aka iya yin ittifaƙi a kansa, na Beethoven. Sauran allunan har yau babu rubutu. A ƙarafunan matakala kuma akwai haruffan BMH, domin da farko an zaci sabon ginin zai gaji sunan tsohon. Shi tsohon ma, a ƙarshe titin bai bi ta kansa ba. A wurin ne gidan wasa na Orpheum yake yanzu.

Daren buɗewa, da abin da ya biyo baya

A daren buɗewa, madugun makaɗa Wilhelm Gericke ya jagoranci Missa Solemnis na Beethoven. A jawabinsa, Higginson ya ambaci Sabine cikin mutanen da suka cancanci godiya in zauren ya yi nasara. A shekarar ne kuma Sabine ya wallafa bincikensa a mujallar masu zanen gini ta American Architect and Building News, inda ya bayyana alƙaluman da ya yi hasashe. Ya sa sunansa da mutuncinsa a kan lambar 2.31.

Da farko an samu yabo. Daga baya iska ta juya. William Foster Apthorp, mai sharhin kiɗa a jaridar Boston Evening Transcript, ya riƙa cewa sautin a fili yake amma ba shi da rai, kuma cikin shekara biyu ya kai ga rubuta cewa makaɗan da ya zanta da su duk suna ganin zauren bai dace da kiɗa ba. Wasu suka fara yi wa batun kimiyyar sauti dariya. Abin ya taɓa Sabine. Mutum ne mai kunya da tsananta wa kansa, kuma a rubuce-rubucensa na baya kusan bai sake waiwayar Symphony Hall ba.

Masana na baya sun kawo dalilan wannan suka. Kunnuwan mutanen Boston sun shafe shekaru da sabon tsohon zaure, su ma makaɗan sai da suka ɗauki lokaci kafin su koyi yadda za su cika sabon wuri da sauti. A hankali ƙorafin ya lafa, madugai baƙi daga Turai suka riƙa yabawa. A 1946 aka kafa allon tunawa da Sabine a cikin ginin, mai bayyana shi a matsayin zaure na farko a duniya da aka gina bisa sanannun ƙa'idojin sauti. A 1999 gwamnatin Amurka ta sa shi cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa.

Inda ya kuskure, da inda sa'a ta taimaka

Da na'urorin lantarki suka samu aka auna zauren cike da mutane, sai aka ga wa'adin amonsa kusan sakan 1.9 ne, ba 2.31 ba. Leo Beranek, ɗaya daga cikin manyan masana sauti na ƙarni na 20, ya nuna cewa matsalar na wajen lissafin masu sauraro ne: faɗin filin da jama'a suka mamaye shi ke yanke yawan sautin da suke shanyewa, ba ƙirga kawuna kawai ba. Amma da yake Sabine da ma'auni ɗaya ya lissafa zaurukan uku, kuskuren ya shafe su duka, kwatancen nasa bai rushe ba. Sakan 1.9 kuma ya faɗo daidai cikin abin da ake ɗauka a yau mafi dacewa da irin wannan kiɗa.

Akwai kuma abin da ƙa'idarsa ba ta hango ba. A ƙarshen shekarun 1960 da farkon 1970, binciken Harold Marshall da Michael Barron ya nuna cewa sautin da ke dawowa da wuri daga bangon dama da hagu shi ke sa mai sauraro ya ji kamar kiɗa ya lulluɓe shi. Zaure siriri kamar na Boston na ba da wannan a yalwace. Da an bi zanen rabin da'ira, da an rasa shi. Alkukai da mutum-mutumi da ramukan silin kuma suna warwatsa sauti, suna hana shi dawowa da kaifi. Tsoron Higginson na gwada sabon abu, da son adon McKim, sun yi aikin da lissafi bai sa su ba.

Cewa lissafi kaɗai ba ya wadatarwa ya fito fili a New York. Philharmonic Hall da aka buɗe a 1962, bayan dogon nazarin kimiyya, ya sha suka sosai, musamman da yake an ƙara kujeru an kuma sauya zane saɓanin shawarar farko ta masana. Aka rushe cikinsa aka sake a 1976, aka kuma sake wani gagarumin gyara na dala miliyan 550 da aka kammala a 2022. Shi ya sa masu kula da Symphony Hall ke tsoron taɓa komai. Kujerun fata na 1900 ne har yanzu. Da aka sauya daɓen dandamali a 2006, irin katakon farko aka nemo, aka kuma buga irin ƙusoshin da, da hannu.

Zuwan makirufo

Faya-fayan farko na ƙungiyar, a 1917 ƙarƙashin Karl Muck, ba a zauren aka ɗauke su ba. Sai da makaɗan suka tafi Camden a jihar New Jersey, wurin kamfanin Victor, domin a lokacin ta bakin ƙaho ake ɗaukar sauti, dole a cunkushe a gabansa. Da makirufon lantarki ya zo, zauren kansa ya zama kayan aiki. An fara watsa wasanninsa ta rediyo a 1926, zamanin Serge Koussevitzky, a shekarun 1950 kuma kamfanin RCA ya ɗauki wasu daga cikin faya-fayan sitiriyo na farko a ciki tare da Charles Munch. Masu sha'awar kayan sauti har yau suna gwada lasifikunsu da waɗannan faya-fayai.

Gadon da ke cikin aljihu

Sabine ya ci gaba da ba da shawara kan gine-gine, ya kuma haɗa gwiwa da kamfanin Guastavino wajen ƙirƙiro tayil mai shanye sauti. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yi aiki ba hutu a Turai da Washington duk da ciwon ƙoda da ke cin sa. Ya rasu ranar 10 ga Janairu, 1919, yana da shekara 50. Higginson ya bi shi a watan Nuwamban shekarar. An daɗe ana zaton littattafan awonsa sun salwanta, sai a shekarun 1970 aka gano wasu a ɗakin gwajin sauti na Riverbank da ke jihar Illinois, wanda aka gina dominsa.

Abin da ya auna da kunne shi ake kira RT60 a yau, wato lokacin da sauti ke ɗauka ya ragu da desibel 60, ya koma kashi ɗaya cikin miliyan na ƙarfinsa. Manhajar Room EQ Wizard, wadda kyauta ce, na fitar da shi a kwamfuta cikin ɗan lokaci, akwai kuma manhajojin waya da ke ƙiyasta shi daga tafi ɗaya. Maɓallin ƙara amo da ke manhajojin haɗa waƙa wannan lambar yake juyawa.

Darasin bai tsaya a Boston ba. Masallaci ko ɗakin taro mai tayil da bangon siminti da dogon silin, inda huɗuba ko jawabi ke cakuɗewa, ciwon ɗakin Fogg ne ke damunsa. Ƙara lasifika ko ƙure ƙara ba ya magance shi, domin amon ma ƙaruwa yake yi tare da muryar. Magana na son wa'adin amo na kusan sakan ɗaya ko ƙasa da haka, hanyar samunsa kuma ita ce wadda Sabine ya bi: darduma mai kauri, labule mai nauyi, allunan shanye sauti a bango da silin. Kafin a sayi ko ɗaya, a auna tsawo da faɗi da tsayin ɗakin, a ninka da 0.161, a raba da wa'adin da ake so. Amsar ita ce yawan abin shanye sautin da ɗakin ke buƙata.